Shirun Malam Fihirisa

Ni ce na kawo dokar shiru cikin ƙungiyarmu, ba zan ɗora wa kowa ba. Har alfahari nake yi da ita.

Ƙungiyar tamu ba wata babba ba ce. Ɗakunan karatu tara ne, duk na dokokin ƙasa da ƙasa: na jami'o'i, na kotu, na ma'aikata, sai na wata cibiyar horar da jami'an diflomasiyya. Sau ɗaya muke zama a shekara mu tsara aikin shekara mai zuwa, na kusa a ɗaki, na nesa ta allon kwamfuta. Ni ce sakatariya, shekara shida ke nan. Wanda bai taɓa bin ma'aikatan laburare yana neman amsar saƙo ba bai san haƙuri ba. Mutumin da zai gaya maka shafin da wata yarjejeniya mai shekara ɗari take ba tare da ya duba ba, shi ne ba ya iya rubuta "to" a imel.

Da na gaji, sai na aro dabarar da wakilan ƙasashe suke yi a tarukansu: a aika daftari, a ba da kwana ashirin da ɗaya, wanda bai ce uffan ba ya amince. Ranar da na kawo shawarar har tafi aka yi mini. Mutum ɗaya ne bai tafa ba, Malam Fihirisa na cibiyar diflomasiyya. Shi ya koya mini aikin nan tun ban san bambancin yarjejeniya da sanarwa ba, kuma ana ce masa Fihirisa ne, wato jerin da ke nuna inda kowane littafi yake, don duk abin da aka rasa a kanta a kansa ake samunsa. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce, "'Yar nan, shiru iri-iri ne fa." Na yi murmushi, a raina na ce tsufa ne.

Har gida na kai dokar. Na ce wa maigidana zan canza fentin falo, ya yi shiru yana karanta jarida, ya dawo daga tafiya ya tarar da bango kore. Tun daga ranar ko sallama na yi sai ya ce, "Ban amince ba," kafin ya amsa.

Babban aikinmu na bara shi ne abin da muke kira kwafin ƙarshe. Kantocinmu duk sun cika, littattafai har ƙarƙashin matattakala. Sai muka shirya cewa kowane tsohon jerin littattafai, laburare ɗaya zai ɗauki alkawarin ajiye shi har abada, sauran su fitar da nasu su sami wuri. Wanda ya buƙata sai ya aro daga mai ajiya. Ni na zana jadawalin, layi arba'in da biyu, kowane layi da sunan littafi da sunan mai ajiya.

Layi na goma sha bakwai rahotanni ne na wata tsohuwar hukuma da ta sasanta rikicin kogi tsakanin ƙasashe biyu. Juzu'i talatin da ɗaya ne masu koren bango, cikin wasu akwai taswirori a ninke, in aka buɗe kowace ta kai tabarma. An rushe hukumar tun kafin a haife ni, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar hoton rahotannin ya sa a intanet, saboda taswirorin sun fi ƙarfin injinanmu. Mu huɗu ne muke da su. Na rubuta cibiyar Malam Fihirisa a matsayin mai ajiya, don nasa sun fi na kowa lafiya. Na aika jadawalin mako guda bayan taro. Kwana ashirin da ɗaya suka cika, Malam bai ce komai ba. Ban yi mamaki ba, shi dama imel sai ya ga dama yake buɗewa. Na rubuta a gaban sunansa: ya amince.

Sauran ukun muka fitar da namu. Ni da hannuna na buga wa nawa hatimin cirewa, juzu'i bayan juzu'i, na tsaya har masu sayen tsofaffin takardu suka loda su. Inda suka tashi na sa tebura biyu na ɗalibai, ina ta yabon kaina.

Taron bana a laburarenmu aka yi shi, a ɗakin taro na bene na biyu. Na iso tun bakwai da rabi, na jera kujeru, na ajiye ajanda a gaban kowace, na gwada allo da lasifika. Abu biyu ne a ajandar suke sa ni murmushi. Abu na biyu a jerin, za a shigar da dokar shiru cikin tsarin mulkin ƙungiya ta zauna daram. Abu na tara, Shugabar ƙungiya za ta sauka, kuma sunana kaɗai aka aika wa mambobi don in gaje ta, kwana ashirin da ɗaya da suka wuce. Ba wanda ya ce a'a.

Wajen takwas da rabi 'Yar Kotu ta shigo, mai kula da laburaren kotu, tana fifita da fayil.

"Sakatariya, kafin a fara, ki taimake ni. Alƙalina yana son taswirar da ke juzu'i na sha tara na rahotannin kogin nan. Mako biyu ina aika wa Malam saƙo, shiru kake ji. Ke ce 'yar gidansa, ki kira shi ya taho mana da shi."

Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Na kira wayar hannunsa, a kashe. Na kira ta ofis. Ta daɗe tana ringi kafin wani ya ɗauka, murya ce da ban sani ba, ga ƙarar guduma a bayanta.

"Laburare nake nema."

"Wane laburare? Hajiya, nan ɗakin kwamfuta ake yi. Ni ne mai kula da kayan cibiya."

"Malam fa? Dattijon da ke kula da littattafai?"

"Allah sarki. Ai wata goma sha ɗaya ke nan. A nan ofis ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Yana gida."

Na nemi kujera na zauna. Wata goma sha ɗaya. Na ƙirga da yatsu kamar 'yar firamare, lissafin ya faɗa daidai cikin kwana ashirin da ɗayan nan nawa.

"Littattafan fa?"

"Na zamani an kai su jami'a. Tsofaffin suna baranda a kwalaye. Yau ma motar masu takarda za ta zo, ƙarfe ɗaya."

"Akwai wasu masu koren bango, talatin da ɗaya..."

"Hajiya, kore, ja, baƙi, duk suna nan. Ban karanta ba."

"Don Allah kada a taɓa su. Su kaɗai suka rage. In suka tafi, shi ke nan, babu wasu."

Ya yi ajiyar zuciya irin ta mutumin da aka tsayar yana tsakiyar aiki. "Ba rashin mutunci ba, ban san ki ba. Takarda ce ta sa aka fitar da su, takarda ce kuma za ta hana. Ki kawo wasiƙar ƙungiyarku da sa hannun shugabanku da hatimi, in kai wa darakta. In kin iso kafin mota, to. Masu fenti suna jiran barandar."

Ya kashe. 'Yar Kotu tana tsaye tana gyara mayafi, ba ta ji ɗaya ɓangaren ba.

"Zai kawo?"

"Ana dubawa," na ce. Ƙaryar farko ke nan.

Bari in faɗi gaskiya, tunda ita na zauna faɗa. Abin da ya fara zuwa raina ba Malam ba ne, ba littattafan ba ne. Abu na tara ne. Shaiɗan ya zauna kusa da ni ya yi mini lissafi tsaf: ba wanda ya sani sai ni. In na yi shiru, mota za ta tafi, a zaɓe ni, bayan wata biyu a gano, a ce cibiya ce ta yi sakaci. Wa zai koma ya duba wanda ya rubuta "ya amince"? A bar kaza cikin gashinta mana. Na ji kunyar wannan tunanin, amma ban kore shi nan take ba, sai da ya gama shan iska a kaina.

Na shiga ofis na buga wasiƙa, layi biyar, na yi ta yadda ba ta ambaci laifin kowa ba. Nufina in zura wa Shugaba ita cikin takardun da take sa wa hannu kafin taro. Amma Shugaba ba ta iso ba sai goma saura minti biyu, ta wuce kai tsaye kujerarta. Mace ce da ta shekara talatin a laburaren jami'a, kuma ko katin gayyata ba ta sa wa hannu sai ta karanta shi sau biyu.

Aka buɗe taro. Mu biyar a ɗaki, uku a allo, kujerar Malam a gefen taga babu kowa. Shugaba ta dube ta, ta ce, "Malam zai makara kamar kullum." Aka yi 'yar dariya. Ni ban yi ba.

Rahoton kwafin ƙarshe shi ne abu na bakwai. Yadda muke tafiya, sai bayan ƙarfe biyu za a kai shi. Na ɗaga hannu.

"Ranki ya daɗe, ina roƙon a dawo da abu na bakwai gaba."

"Dalili?"

Wanda ya tambaya ba Shugaba ba ce, Mai Togaciya ne. Shi ne na laburaren ma'aikata. A aikinmu, in ƙasa ta sa hannu a yarjejeniya amma ta ce ban da sashe kaza, wannan ita ce togaciya, kuma bawan Allahn nan bai taɓa amincewa da komai ba sai ya ce ban da kaza. Ko ruwa aka miƙa masa sai ya tambayi sharaɗi. Shekara shida muna sa-in-sa da shi, rabin dalilin da ya sa na kawo dokar shiru ma don in rage jin muryarsa ne.

"Don a gama da shi da wuri," na ce.

"Ajanda ta zaga kwana ashirin da ɗaya, ba wanda ya yi magana, har ke da kika rubuta ta. An amince da ita a haka. Ko dokar taki ba ta hawa kanki?"

Shugaba ta ce gaskiyarsa. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya, na sunkuyar da kai ina rubuta abin da ban san me nake rubutawa ba.

Abu na farko, karanta bayanin taron bara, ya ci minti arba'in, saboda wani na allo ya ce an rubuta sunan laburarensa ba daidai ba. Agogon bango yana gabana. Sha ɗaya saura kwata. Daga nan zuwa cibiya tafiyar awa guda ce in hanya ta yi kyau, kuma hanyar ba ta taɓa yin kyau ba. Na tura wasiƙar a hankali zuwa gaban Shugaba, na ɗora biro a kai. Ta sa tabarau. Ta karanta. Ta sake karantawa. Ta juyo ta dube ni ta saman gilashin.

"Mene ne wannan?"

"Wasiƙa ce kawai, ranki ya daɗe," na raɗa mata.

"Na ga wasiƙa ce. Me ya sa muke roƙon cibiya kada ta zubar da abin da ta yi alkawarin ajiyewa?"

Ba ta iya raɗa ba, matar nan. Har na allo suka matso da fuskokinsu. Kuma a daidai lokacin ne ta ce, "To, mu je abu na biyu tukuna, dokar shiru. Sakatariya, ke za ki gabatar."

Na miƙe da takardar jawabin da na kwana uku ina gyarawa. Akwai alƙaluma a ciki, shawarwari nawa aka zartar, lokaci nawa aka rage. Na dubi kujerar da ke gefen taga. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na kife takardar a tebur.

"Cibiya ba ta yi alkawarin komai ba. Ni na rubuta cewa ta yi."

Na faɗa musu duka, ban rage ba. Malam ya faɗi cikin kwanakin da nake jiran amsarsa. Akwatin imel ɗinsa yana karɓar saƙo, ba mai buɗewa. Na ƙirga shirunsa a matsayin amincewa a layi na sha bakwai, kuma bayan nan na sake ƙirga shi sau huɗu a wasu shawarwari, ciki har da zaɓen da za a yi mini yau. An rufe laburarensa. Rahotannin kogi suna baranda, mota za ta zo ƙarfe ɗaya, kuma su ne na ƙarshe, domin mu ukun nan mun zubar da namu bisa maganata.

'Yar Kotu ta dafe ƙirji. "Innalillahi. Wata goma sha ɗaya, kuma ba ki kira shi ba ko sau ɗaya? Ke?"

Wannan "ke" ɗin ta fi mari zafi. Na so in ce ai ku ma ba ku kira ba, amma ba su ne ya zaunar a gefen teburinsa shekara uku yana koya musu aiki ba.

Shugaba ta cire tabarau ta riƙe. Na ga ranta ya ɓaci, amma ita ko gobara ake yi sai ta duba ƙa'ida. "Wasiƙa da sunan ƙungiya sabuwar shawara ce. Ba ta cikin ajanda. Bisa dokar da muke bi shekara uku, sai ta zaga mambobi kwana..."

Ba ta ƙarasa ba. Ita ma ta ji yadda maganar take.

Sha ɗaya da minti ashirin.

Mai Togaciya ya yi gyaran murya. Na rufe ido, na ce yau zai ci kasuwarsa a kaina, kuma yana da gaskiya. Sai na ji yana buɗe tsohon tsarin mulkin ƙungiya, wanda yake yawo da shi a aljihu har bangonsa ya yi laushi.

"Dokar shiru ba ta shiga nan ba tukuna, sai an gama abu na biyu. Abin da ke rubuce har yanzu shi ne sashe na takwas: in abu ya taso na gaggawa, ana zartar da shi nan take, muddin duk wanda ya halarci taro ya furta amincewarsa da bakinsa. Da bakinsa, ranki ya daɗe. Ni na dage aka sa kalmar, kuka ce na cika fitina."

"To ka amince?" in ji Shugaba.

"Na amince." Ya ɗan tsaya, kowa yana jiran ban da kaza. "Babu togaciya."

Shugaba ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. Na amince. Na amince. Na allo na farko, na amince. Na biyu, na amince. Na uku, wata dattijuwa daga laburare mafi nisa, sai ga bakinta yana motsi, hannunta yana sama, ba sauti ko kaɗan.

"Buɗe makirfo!" 'Yar Kotu ta ɗaga murya, kamar ihu zai kai inda waya ba ta kai ba.

Dattijuwar ta duƙa tana neman maɓalli, muka koma kallon saman ɗankwalinta. Ta ɗago, bakin ya ci gaba da motsi. Hoton ya daskare. Ya dawo. Minti uku, huɗu. Wani ya ce, "Ai ga alama ta yarda, a wuce kawai."

"Ga alama," in ji Mai Togaciya. "Ga ta nan tana ta magana, mu ne ba ma ji."

Ba wanda ya sake cewa a wuce. Na lalubo lambarta na kira ta a wayata, na sa a lasifika. Muryarta ta fito tana haki: ta amince, kuma tun ɗazu abin da take ƙoƙarin faɗa shi ne a rubuta a wasiƙar cewa laburaren sakatariya zai karɓi littattafan yau, in ba haka ba darakta zai ce ina za a kai su. Ba wanda ya yi wannan tunanin a cikinmu. Na ƙara layin da biro, Shugaba ta karanta sau ɗaya tak, ta sa hannu, ta buga hatimi.

Sha biyu saura kwata muka fita. Motata tana wajen makanike, don haka a tsohuwar motar Mai Togaciya muka tafi, wadda ƙofarta ba ta buɗuwa sai daga waje. A mahaɗar kasuwa wata tirela ta lalace ta tare rabin titi. Na riƙe wasiƙar da hannu biyu a kan cinyata, ina kallon mai sayar da gilashin ido yana bin motoci, ina jin kamar in fita in ruga da ƙafa. Na kira mai kula da kaya sau uku, bai ɗauka ba.

Ɗaya saura minti biyar muka shiga cibiyar. Motar ta riga mu. Ranar da ake so mutane su makara, ranar suke zuwa da wuri. An loda fiye da rabi, wasu ƙarti biyu suna jefa kwalaye, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Wani kwali ya fashe a bakin baranda, mujallu sun zube cikin ruwan fenti.

Ban san na iya gudu da takalmi mai tsini ba sai ranar. Mai kula da kaya ya karɓi wasiƙar, ya duba hatimin, ya ɗaga wa direba hannu, ya hau bene wajen darakta. Direba ya ce shi fa yana da wani wurin zuwa. Mai Togaciya ya je ya tsaya a gaban motar, ya harɗe hannu, da rigarsa ta taro da komai. Minti goma sha biyu aka yi kafin mutumin ya sauko ya ce darakta ya ce mu ɗauki abin da muka zo nema, mu bar musu sauran.

Na hau bayan motar. Muka yi ta buɗe kwalaye, ƙura tana shiga mana hanci. Kore na farko da na gani a ƙarƙashin wasu tsofaffin kundayen lambobin waya yake. Na ɗauko shi na rungume. Muka jera su a kan dakalin baranda bisa lamba, Mai Togaciya yana kira ina miƙawa. Sha bakwai. Sha takwas. Ashirin.

Muka sake ƙirgawa. Talatin. Muka sauke duk abin da ke motar, direba yana zage-zage ƙasa-ƙasa, muka duba kwalayen baranda ɗaya bayan ɗaya. Juzu'i na sha tara babu shi, wanda babbar taswirar take ciki.

Na zauna a dakalin. Mai Togaciya ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Mutum ɗaya ne zai san inda yake."

Na san gidan. Na ci abinci a gidan ba sau ɗaya ba. Daga ofishina tafiyar minti goma sha biyar ce, wannan ma na ƙirga a hanya, na ƙara jin nauyin kaina. Mai Togaciya ya ce zai jira a mota tare da littattafan.

'Yarsa ta fari ce ta buɗe ƙofa. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ƙura har gira.

"Yaya, ke ce? Ashe kina gari."

Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa ya fi ciwo. Ta kai ni ɗakinsa. Yana zaune a kujera kusa da taga, ya rame, hannun dama a kan cinya kamar ba nasa ba. Na durƙusa na gaishe shi. Idonsa ya gane ni sarai. Bakinsa ya motsa, sauti ya fito, amma ba kalma ba.

"Yana ji, yana ganewa," in ji 'yar. "Maganar ce ba ta dawo ba."

A kan teburin da ke gefensa na gan shi, koren bango, lamba sha tara. Kusa da shi ga kwalbar gam, da siririyar takardar gyara, da ƙashin da yake lallatsa ninki da shi.

"Ranar da zai faɗi da safe ya bar shi a nan, ya ce taswirar ta yage zai gyara," ta ce. "Ko gogewa na zo yi ba ya bari in matsar da shi."

Wata takarda ta leƙo daga tsakiyar littafin. Na jawo ta. Jadawalina ne, ya buga shi a takarda kamar yadda yake yi wa duk saƙon da ya ɗauka da muhimmanci. Ya zagaye layi na sha bakwai da jan biro. A gefe, da ƙaramin rubutunsa da na sani kamar nawa, ya rubuta: "A'a. Za a rufe mu. Kada kowa ya zubar da nasa. In kira 'yar nan gobe."

Na karanta, na sake karantawa. Ashe ya amsa. Amsar tana nan wata goma sha ɗaya, tafiyar minti goma sha biyar daga teburina. Na yi kuka a gabansa, irin kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Na gaya masa abin da na yi, na gaya masa talatin suna waje a mota, na roƙe shi gafara. Yana kallona kawai.

Da na share fuska na ce, "Malam, ka ba ni izini in tafi da wannan in haɗa shi da 'yan'uwansa?"

Shiru.

'Yar ta ce, "Ɗauki mana, Yaya. Ai bai hana ba."

"Bai ce in ɗauka ba."

Na zauna a ƙasa na jira. Fanka tana juyawa, a waje wani yana ta danna ham. Ban san minti nawa aka yi ba, ban duba agogo ba. Can sai hannunsa na hagu ya taso a hankali, yana rawa, ya sauka a kan littafin. Bai turo mini shi ba. Danne shi ya yi. Sannan da yatsa ɗaya ya buɗe bangon, ya laluba har ya kai taswirar, ya ƙwanƙwasa inda ta yage, tsagar ta bi tsakiyar kogin, rabi an liƙe rabi ba a liƙe ba. Ya ƙwanƙwasa kwalbar gam. Ya dube ni.

Wayata ta yi ƙara a jaka. Shugaba ce, ta rubuto cewa an kai abu na tara, suna jirana, me zan ce. Na kira ta na ce a cire sunana, a cire abu na biyu da aka jingine, kuma wannan da bakina nake faɗa.

Na aika 'yar ta gaya wa Mai Togaciya ya shigo ya sha ruwa, za mu daɗe. Gam ɗin ya bushe a kwalba, sai da ta kawo ruwan ɗumi. Na wanke hannu, na jawo kujera kusa da tasa, na shimfiɗa taswirar, na fara daga inda ya tsaya.